Sanin Dangin Tsutsa Shi Ne Sanin Maganinta

  

Yau maganarmu a kan tsutsa take. Amma ba tsutsar gona ba, ba kuma ta rumbu ba. Tsutsar da za mu yi magana a kanta ita ce wadda ke zaune jikin wata halitta tana ci daga jikinta. Wata tana jikin kifi. Wata tana hantar saniya. Wata kuwa tana jikin ɗan Adam, har ma jikin ɗiyanmu da ke wanka a tabki. Ku karanta sannu a hankali. Inda magana ta yi nauyi, ku koma baya ku sake karantawa.

YADDA MASANA KE RABA HALITTU DANGI DANGI

Ku dubi makiyayi a kasuwar dabbobi ta Tasawa ko ta Mayahi. Da ya hangi saniya daga nesa zai ce wannan Azawak ce, waccan ta Bararo ce. Ƙaho ya duba, da launi, da tsayin ƙafa. Haka yake bambanta balami da uda. Haka kowa ke gane jar akuyar Maraɗi cikin garke. Manomi ma ba ya haɗa gero da maiwa, ko da yake ƴan gida ɗaya ne.

To, irin wannan aiki ne masana ke yi wa dukan halittu. Suna duba kama da bambanci, su ce wannan da wannan gidansu ɗaya, wannan kuwa bare ne. Wani masani na ƙasar Suwidin, mai suna Line, shi ya kafa tsarin da ake bi. A littafinsa na 1758 ya ba kowace dabba suna biyu: sunan dangi da sunan kanta. Kamar dai yadda ake kiran mutum da sunansa da na gidansu.

Wani zai ce, mene ne amfanin ba tsutsa suna? Tsutsa ai tsutsa ce. A'a, ɗan'uwa. Kowane dangi da hanyar da yake bi ya shiga jiki. Kowane dangi kuma da maganin da yake jin tsoro. Wanda bai san dangin ba, sai ya tare hanyar gabas alhali ɓarawo ta yamma yake shigowa.

BABBAN GIDA MAI ƊAKI UKU

Tsutsotsin da ke cutar mutum da dabba manyan gidaje biyu ne. Akwai masu jiki mulmulalle kamar igiya. Cikinsu akwai macijin ciki, akwai kuma kurkunu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa ya ƙare a Nijar. Waɗannan mu ajiye su gefe yau.

Gida na biyu shi ne na tsutsotsi masu faɗi. Jikinsu a daɓe yake kamar ganye ko kamar zaren kaba. Ba su da ƙashi, ba su da jini, ba su da huhu. Masu hanji cikinsu ƙofa ɗaya gare su: inda abinci ya shiga, nan saura ke fita. Mafi yawansu kuma kowace ɗaya mace ce kuma namiji ce a jiki guda. Masana sun san iri fiye da 20,000 na wannan gida.

Masu cuta na wannan gida ɗaki uku ne. Ku ɗauke su kamar fatake, kowane ayari da zangon da yake sauka. Na farko masu zango ɗaya. Na biyu masu biyawa ta jikin katantanwa. Na uku su ne tsila da ƴan'uwanta.

ƊAKI NA FARKO: MASU ZANGO ƊAYA

Ku ɗauki kifi, ku ɗaga murfin da ke gefen kansa. Za ku ga wani jan nama mai tsaga tsaga kamar matsefi. Da shi kifi ke numfashi cikin ruwa. Mu kira shi mashaƙar kifi. Nan ne gidan tsutsotsin ɗaki na farko. Wasu kuma kan fatar kifin suke zama.

Ƙanana ne ƙwarai. Ƙwayar gero ɗaya takan kai kamar milimita 3. Da yawa cikin waɗannan tsutsotsi ba su kai milimita ɗaya ba. Sai da madubin likita ake ganinsu sosai. Amma a jikin manyan kifayen teku akan sami wadda ta kai santimita 2 ko 3.

Ƙasarmu ba ta da teku. Daga nan zuwa bakin teku a Legas ko Kwatano tafiyar fiye da kilomita 1000 ce a mota. Amma kifin teku yana iso mana, shi ne kifin ƙanƙara da ake saidawa a manyan garuruwa. A jikin irin waɗannan kifaye masana suka yi nazarin wannan dangi da yawa. Bayan haka aka tarar ƴan'uwansu na nan jikin tarwaɗa da karfasa na ruwan daɗi, irin waɗanda ake kamawa a tabkin Madarunfa.

Ga yadda rayuwarsu take. Tsutsa tana manne a mashaƙar kifi, ta yi ƙwai. Ƙwan ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsa ta fito, jikinta da ɗan gashi da take iyo da shi. Ta nemi kifi, ta manne, ta girma, ita ma ta yi ƙwai. Shi ke nan. Daga kifi sai kifi, babu wani zango a tsakani. A 1858 wani masani ɗan Beljiyam, Van Beneden, ya lura da wannan, ya ware su daga masu biyawa ta jikin wata halitta. Masana na kiransu Monojeniya.

To, ta yaya ake bambanta su, tun da iri dubbai ne? Wutsiya ake dubawa. Ruwa yana bin mashaƙar kifi dare da rana ba tsayawa. Tsutsar da ba ta riƙe da ƙarfi ba, ruwa zai tafi da ita. Saboda haka kowace tana da mariƙi a ƙarshen jikinta. A 1912 wani masanin Suwidin, Odna, ya raba su kashi biyu bisa ga wannan mariƙi.

Kashi na farko mariƙinsu faifai ɗaya ne mai ƙugiyoyi, manya a tsakiya, ƙanana a kewaye. Da su take kafa kanta cikin nama kamar fatsa. Abincin waɗannan shi ne yauƙi da fatar kifi.

Kashi na biyu mariƙinsu na da bakuna da yawa, kowane kamar ƙaramin awartakin maƙeri. Da su take matse tsagar mashaƙa. Wata na da guda 8, huɗu dama huɗu hagu. Wata na da gommai a jere. Waɗannan jini suke sha, kuma a kifayen teku suka fi yawa.

Idan masani ya sami tsutsa, sai ya matse ta tsakanin gilashi biyu, ya sa ƙarƙashin madubi. Ya ƙidaya ƙugiyoyi. Ya auna tsawonsu. Ya zana lanƙwasarsu a takarda. Ya rubuta irin kifin da ya same ta jikinsa, da ruwan da aka kamo kifin. Wannan na ƙarshe babban abu ne, domin tsutsotsin nan masu zaɓen masauki ne. Da yawa cikinsu kifi iri ɗaya tak suke hawa, ko shi da ƴan'uwansa na kusa. Akwai wani dangi da ke zama a mashaƙar karfasa da danginta, wanda masani Faferna ya ba suna a 1960. An san iri fiye da 100 na wannan dangi shi kaɗai. A zamanin nan kuma masana sun ƙara da binciken ƙwayoyin gado na cikin jiki, don su tabbatar da abin da ido ya gani.

Shin tsutsar mashaƙar kifi tana kama mutum? Ba ta kamawa. Ba ta iya rayuwa jikin ɗan Adam. Kada wannan magana ta hana kowa cin kifi. A dai wanke shi, a dafa shi ya dahu, don akwai waɗansu tsutsotsi dabam da ke zama cikin naman ɗanyen kifi.

Ɓarnarta a kan kifi take. A teku ko babban kogi, inda kifi ke warwatse, ba ta cika yin illa ba. Amma inda aka tara kifi da yawa wuri ɗaya, ƴar tsutsa ba ta wahalar neman masauki. Nan da nan sai su cika ruwan. Kifi ya daina ci, mashaƙarsa ta koɗe ta yi yauƙi, ya riƙa goga jiki a bango, daga nan sai mutuwa.

Ga abin da ya faru a ƙasar Norwe, can arewacin Turai. A 1975 aka gano wata ƙaramar tsutsa ta wannan ɗaki a jikin kifin da ake kira salmon. Tare da ƴaƴan kifi da aka kawo daga waje ta shigo. Ita wannan ba ta ƙwai, haihuwa take yi, kuma ƴar da ta haifa tana fitowa da wata ƴar a cikinta. Ta bazu koguna wajen 50, ta kashe mafi yawan ƴaƴan kifin da ke cikinsu. Har sai da hukuma ta zuba magani a koguna da dama, aka kashe kifin duka, aka sake zuba sabo.

Wannan darasi ne ga duk garin da ake zuba ƴaƴan kifi a tabkinsa, da duk mai kiwon kifi a kwarami. Kada a ɗauko kifi daga wani ruwa a juye kai tsaye. A ajiye baƙon kifi wuri dabam na ƴan kwanaki a ga lafiyarsa. Kada a cunkusa su. A nemi shawarar ma'aikatan ruwa da daji. Sanin dangi ma yana ba da dabara: tsutsar ruwan daɗi ba ta son gishiri, ta teku kuwa ba ta son ruwan daɗi. Don haka masu kiwon kifin teku a Japan ke tsoma kifinsu ɗan lokaci cikin ruwan daɗi, tsutsar ta saki ta faɗi.

ƊAKI NA BIYU: MASU BIYAWA TA JIKIN KATANTANWA

Yanzu mu dawo gida. Wannan ɗaki shi ya fi shafarmu, domin cikinsa tsutsar tsargiya take, wato fitsarin jini.

Wani likita Bajamushe, Bilhaz, shi ya fara ganin wannan tsutsa a birnin Alƙahira na Masar a 1851. Amma an daɗe ba a san ta inda take shiga jiki ba. Sai a 1915 wani masani na Birtaniya, Laifa, ya nuna cewa sai ta biya ta jikin ƙaramar katantanwar ruwa.

Ku bi hanyar da kyau. Tsutsar na zaune cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara. Tsawonta santimita ɗaya zuwa 2. Ita ta saɓa wa ƴan gidansu, domin akwai mace dabam, namiji dabam. Macen tana yin ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini. Ƙwan ya keta bangon mafitsara ya fita tare da fitsari. Jinin da ake gani daga nan yake.

Idan mai cutar ya yi fitsari a tabki, ƙwan sai ya ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsa ta nemi katantanwa ta shiga. Cikin katantanwar ɗaya ta zama dubbai. Bayan ƴan makonni su fito cikin ruwa, kowace da wutsiya mai baki biyu. Da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa don zafi. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga. Bayan wata 2 zuwa 3 sai jini ya bayyana a fitsari.

Ku tuna da tabkunan Tasawa, na cikin gari da na kewaye. Ku tuna da ruwan da ke kwanciya da damina a kwarin Gulbin Kaba, ƙasar Mayahi. Nan yara ke iyo. Nan mata ke wanki. Nan ake kwaɓin tubali, nan ake ba dabbobi ruwa. Duk ruwan da ke kwance, in akwai katantanwar kuma ana fitsari cikinsa, to, hanya ta buɗe. Kada ku ce ai tabkinmu yana ƙafewa da rani. Akwai katantanwar da ke nutsewa cikin laka ta yi kwance har ruwan sama ya dawo.

Wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce. Tana rage jini, yaro ya rame, ya kasa mai da hankali a lakwal. In ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan jawo ciwon daji na mafitsara. Mace ma tana kamuwa, kuma takan taɓa mata hanyar haihuwa.

Nan ma rarrabewa na da aiki. Tsargiya iri biyu ce babba a Afirka: ta mafitsara da ta hanji. Malamin asibiti da madubi yake bambanta su. Ƙwan ta mafitsara tsininsa a ƙarshe yake, a fitsari ake ganinsa. Ƙwan ta hanji tsininsa a gefe yake, a bayan gida ake ganinsa. Kowace kuma da irin katantanwarta.

Ƴar ɗakinsu ita ce tsutsar hanta ta shanu da tumaki da awaki. Mahauta sun san ta. Kamar ganye take, tsawonta yakan kai santimita 7. Ita ma sai ta biya ta katantanwa, amma ba ta shiga ta fata. In ta fito daga katantanwar, sai ta manne jikin ciyawar bakin ruwa ta jira. Dabba ta ci ciyawar, tsutsa ta wuce hanta. Dabbar ta rame, nono ya ragu, wani lokaci ƙasan haɓa ya kumbura. Katantanwar wannan ta fi son ruwan da ba ya ƙafewa. Don haka makiyayin da ya kai bisashensa fadama ko bakin madatsar ruwa da rani, ya kai su ga likitan dabbobi in sun dawo.

ƊAKI NA UKU: TSILA

Tsila kowa ya san ta. Doguwa ce, takan kai mita 5, wani lokaci har 10. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Da fatarta take shan abincin da mutum ya ci. Ɗan kanta yana manne a bangon hanji, sauran jikin gaɓa gaɓa ne. Gaɓoɓin ƙarshe cike suke da ƙwai, su ne ke tsinkewa suna fita tare da bayan gida.

Zangonta na tsakiya saniya ce. Mai tsila ya yi bayan gida a fili, saniya ta ci ciyawar wurin. Ƙwan ya zama ƴan farfarun ƙulli cikin nama, kamar ƙwayar shinkafa. Mutum ya ci tsire ko balangu wanda wuta ba ta ratsa ba, tsila ta tashi a cikinsa.

KOWANE DANGI DA MAGANINSA

Yanzu ku ga amfanin duk wannan rabe rabe.

Ƙwayar da ake ba yara don macijin ciki, irin su albendazol, ba ta kashe tsutsar tsargiya, domin ba gidansu ɗaya ba. Maganin tsargiya shi ne firazikantel, wanda aka samo a Jamus cikin shekarun 1970. A 2004 Nijar ta fara raba shi ga ƴan lakwal ta hanyar shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya. Akan auna tsayin yaro jikin sanda, a ba shi ƙwaya daidai tsayinsa. Bayan an ci abinci ake shansa. Wannan magani yana kashe tsila ma. Amma tsutsar hanta ba ta jinsa sosai, ita nata dabam ne. Kun ga ke nan haɗarin sayen ƙwaya a tebur ba tare da an san cutar ba. Kuɗi su tafi, tsutsa na nan.

Magani kuma ba ya hana a sake kamuwa. Yaron da ya sha yau, in ya koma tabki gobe, tsutsa za ta koma. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sai a tare kowace a hanyarta.

ABIN DA ZA MU RIƘE

1. Tsutsar mashaƙar kifi daga kifi sai kifi. Ba ta kama mutum. Mai kiwon kifi ya kula da baƙon kifi da cunkoso.

2. Tsargiya daga fitsari zuwa katantanwa, daga katantanwa zuwa fata. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tabki ko bakinsa. A yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo. In dole sai ruwan tabki, a ɗebo a ajiye shi kwana 2 kafin a yi wanka da shi, domin ƴan tsutsotsin ba su wuce haka da rai.

3. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa, ya tafi gidan likita. Babu kunya cikin neman lafiya.

4. Tsutsar hanta daga ciyawar bakin ruwa take. In likitan dabbobi ya hana saida wata hanta a mahauta, ba mugunta ba ce.

5. Tsila daga bayan gida zuwa saniya, daga nama zuwa mutum. A gina salanga, a gasa nama ya gasu har ciki.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Da me masana ke bambanta tsutsotsin mashaƙar kifi? Ta ina tsargiya ke shiga jiki? Wane ruwa ne yaran garinku ke wanka cikinsa? Mutum nawa ne a unguwarku ke da salanga? Me za ku iya yi tare kafin damina ta faɗi?

Ku zauna ku yi shawara tsakaninku. Ku gaya wa mai gari da malamin lakwal abin da kuka yanke. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai samu zuwa ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya tsare mana ɗiyanmu da dukiyarmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.